Dodgers da Neman Kofi na Uku a Jere: Inda Ƙarfinta Yake da Inda Za Ta Iya Karyewa

Tun da aka fara gasar World Series a 1903, wato karon ƙarshe na besbol a Amurka inda zakarun ɓangarorin National League da American League ke haɗuwa, babu wata ƙungiyar besbol daga ɓangaren National League da ta taɓa ɗaukar kofin sau uku a jere. New York Yankees ta yi hakan har sau uku, na ƙarshe daga 1998 zuwa 2000, Oakland Athletics ma ta yi daga 1972 zuwa 1974, amma duka biyun 'yan ɓangaren American League ne. Los Angeles Dodgers ce ke da wannan dama a kakar 2026, bayan ta doke Yankees a 2024 sannan ta doke Toronto Blue Jays a 2025. Masu hasashe kusan duk sun sa ta a gaba, kuma suna da hujja. Sai dai wanda ya bi yadda kofin bara, na 2025, ya zo hannunta ya san cewa ƙungiyar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma matsalolinta na gaske ba irin waɗanda sayen sabon ɗan wasa ke kawarwa gaba ɗaya ba ne.

A wasanni bakwai na World Series ɗin bara, Toronto ta ci maki 34, Dodgers ta ci 26. A wasa na bakwai, ranar 1 ga Nuwamba 2025, saura mutum biyu kawai a fitar Dodgers ta rasa kofin, sai Miguel Rojas, ɗan wasan da ba a san shi da ƙarfin bugu ba, ya buga hom-ron, wato bugun da ke tsallake katangar fili ya ba da maki nan take, a zango na tara ya farke (wasa zango tara ne, ana ƙarawa idan an yi kunnen doki). A rabin ƙarshe na zangon Toronto ta cika tashoshi uku da mutane, wato wuraren da mai gudu ke bi kafin ya dawo gida ya ci maki. Rojas ɗin nan ya tsinci ƙwallo yana tangaɗi ya jefa gida, aka fitar da Isiah Kiner-Falefa da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Bayan haka Andy Pages ya ruga ya bangaje abokin wasansa Kiké Hernández ya cafke ƙwallon da da ta faɗi ƙasa da an gama. Will Smith ya buga hom-ron a zango na 11, aka tashi 5 da 4. Jarumta ce, babu musu. Amma ƙungiyar da sai da abubuwa uku irin waɗannan suka faɗo mata daidai cikin rabin sa'a kafin ta tsira, ba za a ce ta fi ƙarfin kowa ba. Shugabanninta ma sun san haka, shi ya sa ba su kwanta a kan nasarar ba.

Ramuka biyu da aka cike da kuɗi

A kakar 2025 Dodgers ta ci wasa 93 cikin 162, ta sha kashi a 69. Milwaukee Brewers ta ci 97, Philadelphia Phillies ta ci 96, don haka Dodgers ba ta samu hutun da ake ba ƙungiyoyi biyu na sama a wasannin ƙarshe na neman kofi ba, sai da ta fara daga matakin farko da Cincinnati Reds. Abubuwa biyu ne suka fi ja mata baya, kuma duk wanda ya kalli wasanninta na Yuli da Agusta ya gan su da idonsa.

Na farko, majefan agaji, wato masu jifan da ke shigowa bayan wanda ya buɗe wasa ya gaji. Ana auna mai jifa da matsakaicin makin da ake ci ta hannunsa a kowane zango tara; ƙasa da 3.00 gwaninta ce, sama da 4.50 abin damuwa ne, balle ga wanda aka ɗora wa rufe wasa. An ba Tanner Scott kwantiragin shekara huɗu a kan dala miliyan 72 don ya riƙa rufe wasa, sai ya ƙare kakar da 4.74, kuma sau goma ana miƙa masa wasa ƙungiyar na gaba ya bari a farke. Blake Treinen, wanda ya taimaka ƙwarai a 2024, ya haura 5.00. Kirby Yates ma haka. Evan Phillips ya tafi tiyatar gwiwar hannu, Brusdar Graterol kuwa bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba duk kakar saboda kafaɗa. Da Oktoba ta zo, watan wasannin ƙarshe, koci Dave Roberts ya daina yarda da yawancinsu. Ya ɗauko Roki Sasaki, matashin da aka kawo daga Japan don buɗe wasa, ya mai da shi mai rufewa, sannan a wasa na bakwai ya yi amfani da manyan masu buɗe wasansa huɗu gaba ɗaya: Shohei Ohtani, Tyler Glasnow, Blake Snell da Yoshinobu Yamamoto. Dabara ce da ke aiki na dare ɗaya. Ba a yin wata shida da ita.

Maganin da aka nemo shi ne Edwin Díaz, wanda ya baro New York Mets a kan shekara uku da dala miliyan 69. A 2025 matsakaicinsa 1.63 ne, ya rufe wasa 28. Jifa iri biyu kawai yake da su, mai gudu da mai zamewa gefe, amma ƙarfinsu ya isa. Amfaninsa ya wuce zango na tara da zai riƙe. Idan aka san wanda zai rufe, sauran kowa sai ya koma gurbin da ya dace da shi: Scott ya koma zango na bakwai ko na takwas inda nauyin ya fi sauƙi, Alex Vesia da Jack Dreyer su fuskanci masu bugu da hagu. Abin lura dai shi ne majefan agaji su ne suka fi kowa rashin tabbas a wannan wasa. Suna jifan zango 60 zuwa 70 ne kacal a shekara, don haka munanan ranaku biyar sun isa su ɓata lissafin kaka guda. Scott ma ai da kyakkyawan tarihi ya zo. Díaz ya kai shekara 32 a wannan kaka, kuma ya taɓa rasa kakar 2023 ɗungurungum bayan jijiyar gwiwarsa ta tsinke yana murnar nasara a gasar ƙasashe ta duniya.

Rami na biyu shi ne bayan fili. An biya Michael Conforto dala miliyan 17 ya tsare ɓangaren hagu, sai ƙimar bugunsa ta tsaya a .199, wato bai kai bugu biyu masu kyau cikin kowane goma ba, har aka bar shi a waje lokacin wasannin Oktoba. Teoscar Hernández a ɓangaren dama ya buga hom-ron 25, amma tsaronsa ya yi rauni, ƙwallayen da ya kamata a cafke suna faɗuwa gabansa. A Janairun 2026 aka kawo Kyle Tucker a kan shekara huɗu da dala miliyan 240. Bara a Chicago Cubs ya buga hom-ron 22, ya saci tasha 25, wato ya ruga zuwa tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, kuma mutum ne da ba ya kai sanda ga jifan banza, yana yawan samun tafiya kyauta zuwa tashar farko. Zuwansa ya gyara gurbi biyu a lokaci guda, don shi zai tsaya a dama, Hernández ya koma hagu inda ba a bukatar dogon jifa sosai. Kuma shekararsa 29, abin da ya fi komai muhimmanci a jerin masu bugun da tsufa ya fara kamawa. Damuwar da ke tattare da shi ita ce rauni: a 2024 wasa 78 kawai ya buga saboda karayar ƙauri, a 2025 kuma tsagewar ƙashin hannu da ciwon sharaɓa suka rage masa ƙarfi a rabin kaka na biyu.

Lissafin zanguna

Nan ne ainihin maganar take. Wasa 162 sau zango tara ya ba da kusan zango 1,450 da dole wani ya jefa. Tambayar da ke gaban Roberts da shugaban harkokin wasa Andrew Friedman ita ce yadda za a raba wannan kaya ba tare da an karya hannun mutum huɗun da za a bukata a Oktoba ba.

A takarda, babu ƙungiyar da ke da masu buɗe wasa kamar na Dodgers. A zahiri, mutum ɗaya ne cikinsu ya yi cikakkiyar kaka bara. Yamamoto ya buɗe wasa 30, ya jefa zango 173 da ɗoriya da matsakaicin 2.49, sannan ya ƙara sama da 37 a wasannin Oktoba. Ya jefa wasa biyu daga farko har ƙarshe shi kaɗai, ɗaya da Milwaukee ɗaya da Toronto, abin da ya zama baƙo a besbol na yanzu. A wasa na shida ya yi jifa 96, washegari ba tare da hutun ko kwana ɗaya ba ya dawo ya fitar da mutum takwas na ƙarshe. Shi aka ba kyautar gwarzon gasar, kuma ya cancanta. To amma jimillar ta haura zango 210 ga mutumin da ya yi 90 kacal a kakar 2024 saboda ciwon kafaɗa. Irin wannan tsalle shi ne likitocin ƙungiyoyi ke tsoro, domin gajiyar ba ta nuna kanta nan take, sai a shekara ta gaba. Ga shi kuma hutun hunturunsa ya gajarta ta fuska biyu: an gama wasa a Nuwamba, kuma yana cikin tawagar Japan a gasar ƙasashe ta watan Maris, inda ake jifa da ƙarfin gaske a lokacin da ya kamata hannu yana ɗumama a hankali a sansanin horo na Camelback Ranch da ke Arizona.

Snell ya lashe kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa na shekara, sau biyu, a 2018 da 2023, kuma waɗannan su ne kawai shekarun da ya wuce zango 130 a rayuwarsa ta wasa. Bara, shekararsa ta farko a kwantiragin dala miliyan 182, ciwon kafaɗa ya zaunar da shi wata huɗu, wasa 11 kawai ya buɗe. Idan yana lafiya ba a iya masa: a wasan farko da Milwaukee ya jefa zango takwas, bugu ɗaya tak aka samu a kansa. Glasnow labarinsa kusan ɗaya ne. Mafi yawan abin da ya taɓa jefawa a kaka guda shi ne zango 134, a 2024, bara kuma 90 ya yi. Wanda ya zo na biyu a yawan zanguna a ƙungiyar bara shi ne Clayton Kershaw da 112 da 'yan kai, kuma ya yi ritaya. Mutane na tuna Kershaw don tarihinsa, amma abin da ƙungiyar za ta fi jin rashinsa shi ne waɗannan zangunan na tsakiyar bazara da ya ɗauke wa wasu.

Ohtani kuwa lissafinsa daban ne. An yi masa tiyatar gwiwar hannu karo na biyu a Satumbar 2023, bai koma jifa ba sai 16 ga Yunin 2025, kuma an riƙa ƙara masa kaya ne kaɗan-kaɗan, daga zango ɗaya zuwa biyu zuwa uku, har ya tara 47 da matsakaicin 2.87. Abin da zai iya yi idan an sake shi an gan shi a wasa na huɗu da Milwaukee: zango shida ba a ci maki ba, ya fitar da mutum goma da jifa, sannan da sandarsa ya buga hom-ron uku. Wannan ce kakar farko da zai fara a Dodgers yana yin aikin biyu tun daga ranar buɗewa. Mafi yawan da ya taɓa jefawa a Amurka zango 166 ne, a 2022, kuma ba na jin za a bar shi ya kusanci wannan adadi. Duk ranar da ya ji rauni wajen jifa, ƙungiyar ta yi asarar mutum biyu ne a jiki ɗaya, har da mai bugun da ya yi hom-ron 55 bara.

Akwai wata fa'ida da Ohtani ke kawowa wadda ba ta fitowa a allon maki. Doka ta ce cikin 'yan wasa 26 da ƙungiya ke riƙewa, majefa ba za su wuce 13 ba. Amma wanda aka yi wa rajista a matsayin mai aiki biyu ba ya shiga wannan ƙidaya. Ke nan Dodgers na da majefa 14 a lokacin da kowa ke da 13. Wannan ne ya ba ta damar juya masu buɗe wasa shida maimakon biyar da aka saba, kowa ya samu hutun kwana biyar ko shida, tsarin da ya yi daidai da abin da Yamamoto da Sasaki suka taso a kai a Japan, inda mai buɗe wasa ke jifa sau ɗaya a mako. Sauran ƙungiyoyi idan suka gwada haka sai sun rage mutum ɗaya daga majefan agaji.

A ƙiyasta cewa komai ya tafi daidai gwargwado: Yamamoto ya ba da zango 170, Snell da Glasnow da Ohtani kowa 130, Emmet Sheehan 120, Sasaki 110. Jimilla 790 ke nan. Saura sama da 650 a wuyan majefan agaji da 'yan cike gurbi, kuma wannan a shekarar da babu wanda ya yi doguwar jinya. Shi ya sa sunayen da ba a cika ambata ba za su yi tasiri fiye da yadda ake zato. Gavin Stone, wanda ya fi kowa jifa a ƙungiyar a 2024, yana dawowa daga tiyatar kafaɗa. River Ryan na dawowa daga ta gwiwar hannu. Justin Wrobleski ya nuna zai iya ɗaukar zango uku ko huɗu a tsakiyar wasa. Tiyatar kafaɗa ta fi ta gwiwar hannu wuyar dawowa, don haka Ryan ya fi Stone zama abin dogaro, ko da yake Stone ne ya fi gogewa.

Sasaki shi ne babbar tambaya. A wasa takwas da ya buɗe kafin kafaɗarsa ta tsayar da shi a watan Mayu, gudun jifansa ya ragu, yana yawan zubar da jifa a wajen akwati, wato yankin da ya kamata jifa ya bi a gaban mai bugu, kuma masu bugu sun gano sirrinsa da wuri: jifa biyu ne gare shi, mai gudu da mai nutsewa ƙasa. Idan suka ƙi kai sanda ga mai nutsewar, sai su jira mai gudun, wanda ke zuwa a miƙe. A matsayin mai rufe wasa wannan bai dame shi ba, don kowane mai bugu sau ɗaya zai gan shi, kuma yana iya zuba duk ƙarfinsa a jifa 15. Mai buɗe wasa kuwa sai ya bi ta kan mutum tara sau biyu ko uku. Ba tare da jifa na uku da ke karkata gefe ba, zagaye na uku zai riƙa yi masa wuya. Ƙungiyar ta ce gurbin buɗe wasa za a mai da shi, kuma daidai ne a gwada, shekararsa 24 kawai. Idan zuwa Yuni abin bai kankama ba, an riga an san inda yake da amfani.

Shekaru

A farkon kakar 2026 Freddie Freeman na da shekara 36, Max Muncy 35, Mookie Betts da Teoscar Hernández 33 kowannensu, Rojas 37. A World Series ɗin bara ƙimar bugun ƙungiyar gaba ɗaya ta tsaya kusa da .200. Ba a kan banza ba: majefan Toronto, musamman matashi Trey Yesavage, sun yi ta ba su jifa mai nutsewa suna kai sanda suna dukan iska.

Freeman bai nuna alamar sauka ba tukuna, ya buga .295 da hom-ron 24 bara, kuma shi ne ya kawo ƙarshen wasan zango 18 da aka yi da Toronto. Muncy idan yana fili yana da amfani ƙwarai, amma wasa 100 ya samu bugawa saboda gwiwa da tsokar gefen ciki. Wanda ya fi dacewa a zuba wa ido shi ne Betts. Ya yi abin da ba a saba gani ba, ya koma tsaron gurbi mafi wuya a cikin fili, tsakanin tasha ta biyu da ta uku, yana da shekara 32, kuma ya iya har aka sa shi cikin 'yan takarar kyautar tsaro. Amma bugunsa ya yi ƙasa fiye da kowace shekara a tarihinsa, .258 da hom-ron 20. Akwai uzuri: ciwon ciki ya kama shi dab da fara kaka ya rame sosai, kuma duk lokacin hunturun ya ƙarar da shi ne wajen koyon sabon gurbi. Akwai kuma bayanin da ba shi da daɗin ji, cewa mutum ne mara girman jiki wanda ƙarfin bugunsa ya dogara da saurin hannu, kuma saurin hannu shi ne farkon abin da shekaru ke ɗauka. Ya farfaɗo a Agusta da Satumba, abin da ke ƙarfafa bayani na farko. Watanni biyun farko na bana za su raba gardama.

Wata matsalar da ke tafe da Ohtani ita ce gurbin mai bugu zalla, wanda ba ya fita tsaron fili. Yawancin ƙungiyoyi da shi suke hutar da tsofaffinsu: yau wannan ya buga kawai ya zauna, gobe wancan. A Dodgers gurbin na Ohtani ne kowace rana. Don haka Freeman ko Muncy ko Smith, ko dai su tsaya fili zango tara, ko su zauna gaba ɗaya. Ga Smith abin ya fi tsanani, domin shi ne mai cafka, aikin da ke cin gwiwa da yatsu. Ya buga .296 bara, ya samu tsagewar ƙashi a hannu a Satumba, duk da haka ya tsuguna bayan mai bugu a kowane zango na World Series, har da daren zango 18. Dole a bar Dalton Rushing ya ɗauki wasa 50 ko fiye, ko da bugunsa bai kai ba tukuna. Tommy Edman, wanda ke cike gurbi a tasha ta biyu da tsakiyar bayan fili, an yi masa tiyatar idon sawu bayan kammala kaka, abin da ke buɗe ƙofa ga Hyeseong Kim da Alex Freeland. Pages kuma, mai shekara 25, ya buga hom-ron 27 a kaka amma sandarsa ta mutu murus a Oktoba har aka ajiye shi a benci. Shi ne kaɗai matashi na gaske a jerin, kuma ƙungiyar na bukatar ya koyi barin jifan waje ya wuce.

Sabuwar doka ta shigo a 2026 da za ta taɓa kowa. An ba kowace ƙungiya damar ƙalubalantar hukuncin alƙali a kan ko jifa ya shiga akwati ko bai shiga ba, sau biyu a wasa, na'urar kyamara ta yanke hukunci cikin daƙiƙoƙi. Mai jifa, mai cafka ko mai bugu ne kawai za su iya, ta hanyar taɓa hula nan take, ba tare da jiran umarnin benci ba, kuma idan sun yi daidai damar ba ta ƙonewa. Ƙungiyar da ke da masu bugu masu sanin akwati kamar Muncy, Freeman da Tucker ta fi kusa da cin moriyar wannan.

Abokan hamayya da abin da Oktoba ke yi

A rukuninta na yamma, Dodgers ta zo ta ɗaya sau 12 cikin shekara 13 da suka wuce, kuma babu alamar hakan zai sauya. San Diego Padres, wadda ta bi ta da tazarar wasa uku bara, ta rasa Dylan Cease da Robert Suarez, ta kuma canza koci. San Francisco Giants ta ɗauko Tony Vitello kai tsaye daga horar da ɗaliban jami'ar Tennessee, gwajin da zai ɗauki lokaci. Arizona na da masu bugu amma majefanta ba su isa ba. Colorado ba ta cikin lissafi.

Haɗarin yana cikin tsarin wasannin ƙarshe. Ƙungiyoyi 12 ke shiga, matakin farko wanda ya fara cin biyu cikin uku, na biyu uku cikin biyar. A besbol, ƙungiya mafi ƙarfi ma tana faɗuwa a wasa ɗaya cikin kowane uku, don haka gajeren karo ba ya tantance gwani. Dodgers ta ɗanɗana wannan: a 2022 ta ci wasa 111, Padres ta fitar da ita a karon farko da ta buga, a 2023 ta ci 100, Arizona mai 84 ta share ta uku ba ko ɗaya. A shekarun biyu bugu ya ɗauke a mummunan lokaci, a 2023 kuma majefan buɗe wasa sun riga sun ƙare kafin Oktoba. Darasin da Friedman ya ɗauka a bayyane yake, kuma ina ganin shi ne daidai: gara a ci 93 da majefa huɗu lafiyayyu da a ci 105 da hannaye a gajiye. Saboda haka idan aka ga an ajiye Snell ko Glasnow mako uku a kan ɗan ciwon da wata ƙungiya za ta yi biris da shi, ba sakaci ba ne, tsari ne. Iyakar wannan tsari ita ce kada a yi sake har a rasa gurbi na ɗaya ko na biyu a National League, domin faɗawa matakin wasa uku ƙarin caca ne da ba dole ba. Phillies ta riƙe Kyle Schwarber, Cubs ta kawo Alex Bregman, Mets ta kawo Bo Bichette, Milwaukee kuma kullum tana wuce yadda aka zata. Wasa 95 zuwa 98 ne adadin da ya kamata Dodgers ta nufa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta rabuwa da wannan ƙungiya. Besbol ba shi da rufin albashi, haraji ne ake ɗora wa wanda ya wuce iyaka, kuma iyakar 2026 dala miliyan 244 ce. Ƙungiyar da ta saba wucewa, idan ta haura iyakar da fiye da miliyan 60, tana biyan kashi 110 cikin ɗari a kan duk dalar da ta ƙaru. Dodgers ta daɗe a wannan mataki, harajinta na 2025 kaɗai ya wuce dala miliyan 160. Ma'ana, albashin Tucker da ake lissafawa kusan miliyan 57 a shekara yana cin ƙungiyar kusan miliyan 120. Tana iya ɗauka ne saboda kwantiragin talabijin na shekara 25 da ya haura dala biliyan 8, da 'yan kallo sama da miliyan huɗu da suka shiga filinta bara, da kamfanonin Japan da suka biyo Ohtani, da kuma yadda shi Ohtanin ya yarda a jinkirta biyan miliyan 680 daga cikin miliyan 700 na kwantiraginsa. Abin da take biya da ba kuɗi ba shi ne damar zaɓen matasa: an tura zaɓinta na farko baya da gurbi goma, kuma ɗauko Díaz da Tucker ya ci mata wasu zaɓuɓɓukan. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba 2026. Wasu masu ƙungiyoyi na son a kafa rufin albashi, kuma da Dodgers suke kafa hujja. 'Yan wasa kuwa sun ƙi amincewa da rufin tun yajin aikin 1994, wanda ya sa ba a buga World Series ba a shekarar. Gajeren kwantiragin Tucker, mai ba shi damar ficewa bayan shekara ta biyu ko ta uku, ya nuna cewa ɓangarorin biyu ba su son ɗaure kansu da nisa kafin a san dokokin da za a yi aiki da su daga 2027.